Ciwon Ɓarin Kai Da Jiri

 

Yau da ke nake, ke da in ɓarin kanki ya fara sara sai kin shige ɗaka kin saki labule. Ba ki son haske, ba ki son hayaniyar yara, ga tashin zuciya. Wannan shi ne ciwon ɓarin kai. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 in ba a yi magani ba, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku wajen fama da shi. Wata har da jiri, ta miƙe ta ji ƙasa na juyawa, sai a ce iska ce, a ɗauko hayaƙi. Alhali tun shekarar 2012 likitoci suka tsara yadda ake gane jirin da wannan ciwo ke kawowa.

To, mene ne ke faruwa a jiki? Kin san yadda damtsenki ke zafi in kina surfe ko jan guga? A lokacin tsoka na ƙona sukari da gaggawa, sai wani sinadari mai suna laktet ya ƙaru a jini. In kin huta kamar awa guda yakan sauka, hanta ta mai da wani sashensa sukari. A 1996 masu bincike a Japan sun tarar da laktet ya ɗan hau a ƙwaƙwalwar wasu masu ciwon ɓarin kai, ko a ranar da ciwon bai tashi ba. Shi ya sa masana da dama ke ganin ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ba ta jure ƙarancin makamashi. Amma fa ba da awon laktet ake gane ciwon ba, bayaninki likita yake bi. Haka ma fibromayaljiya, wato ciwon jiki ko'ina da gajiya na wata 3 ko fiye, wanda sau da yawa yake haɗuwa da ciwon ɓarin kai.

Don haka kar ki ciyar da kowa ke ki wuni da yunwa. Ki karya da wuri, ki sha ruwa sosai, balle da bazara. Da azumi kar ki tsallake sahur. Ki kwanta a kan lokaci, ki riƙa ɗan tattaki kullum. In jiri ya ɗebe ki, zauna, ki nisanci murhu da bakin rijiya, ki sauke goyo.

Sai batun kemis. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko tiramol kwana 10, shi kansa yana jawo ciwon kai na kullum. In kuma kina ganin walƙiya a ido kafin ciwon ya zo, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti kafin ta ba ki ƙwayar tazarar haihuwa, don mai ɗauke da sinadarin istirojin na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon kai uku kuwa ba a kwana da su a gida: wanda ya zo farat ɗaya da tsanani, mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, da na mai tsohon ciki da ke kumbura. Maigida, in kana jinmu, ka kai ta asibiti nan take.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.