Idan Mai Bashi Ya Ɓoye Dukiyarsa

Ƴan uwa matasa, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu ɗauki misali: ka ba mutum rancen jika ɗari biyu da bazara, kan zai biya da kaka. Hatsi na shigowa, sai ka ji rumbun wai na matarsa ne, shanun kuma ya "sayar" wa ƙanensa. To, shi kenan kuɗinka sun sha ruwa?

A'a. A fiƙihun Malikiyya, wanda bashi ya rinjayi dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta da ita. Masu binsa na iya hana shi, alƙali kuma ya tsare dukiyar, ya sayar, ya raba musu gwargwadon haƙƙinsu. Amma wanda babu ce ta kama da gaske, Alƙur'ani ya umarta a saurara masa.

Dokar Nijar ma ta yi tanadi. Sashe na 1167 na kundin dokokin farar hula, wanda muka gada daga Faransa, ya ba ka damar ƙalubalantar irin wannan ciniki, abin da masana ke kira aksiyon poliyen. Za ka nuna bashinka ya riga cinikin, cinikin ya karya shi har ba ya iya biya, kuma yana sane. In sayarwa ce, sai ka ƙara da cewa mai sayen ya san makircin. In kyauta ce, ba a ma buƙatar haka. In ka yi nasara, a wurinka dukiyar kamar ba ta bar hannunsa ba.

Dokokin OHADA kuma, yarjejeniyar 1993 da Nijar ke ciki, sun yarda alƙali ya ba ka izinin a tsare kayansa tun kafin hukunci, in akwai alamar za su salwanta.

Ka fara da sulhu a fadar sarki nan Gangara, a rubuta abin da aka daidaita. In ya ƙi, kotun Tanut tana nan. Don Allah kada ka je ka kore masa shanu da kanka, kai za ka koma mai laifi.

Duk wannan fa sai da hujja. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Ko ɗan uwanka ne, ku rubuta, kunya ba ta biya.

Kai kuma da ake cewa "ajiye mini shanun nan da sunanka", ka sani da kai ake zaluncin.

Allah Ya raba mu da cin haƙƙin wani. Wassalamu alaikum.