Hukuncin Yi Wa Na'urar Taƙaita Gudu Dabara

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan hanya take, wadda ta tashi daga Funtua ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi, da wadda ta nufi Zariya.

A shekarar 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. To amma me muke gani? Direba zai biya a sanya masa, ya karɓi takardar shaida, sannan ya kai wa mai wayarin ya tsinke wayarta. Wani kuma zai ƙyafta wa ɗan'uwansa fitila cewa jami'ai na gaba, sai a rage gudu, da zarar an wuce su a sake taka mota. A Legas an kafa kyamarori masu ɗaukar lambar mai gudun ganganci a 2025, kuma dabarar da ake yi wa irinsu ita ce rufe lamba ko shafe ta da laka.

Sai ka ji ana cewa ai dokar gwamnati ce, ba ta Allah ba. Wannan shubuha ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin maslaharsu tsare rai da dukiya, kuma wanda ya yi sakaci har ya jawo haɗari, lamuni yana kansa. Masana kuma sun bayyana cewa idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka huɗu. Ballantana a lokacin kaka, motoci maƙare da buhunan masara, yara da dabbobi suna tsallaka titi.

Muna tunatar da direbobinmu, da mu fasinjoji masu cewa “direba taka, mun makara”, hukuncin kisan kuskure da ya zo a Suratun Nisa'i: diyya, sannan kaffara. Tunda babu bawan da za a 'yanta a yau, azumin wata biyu ne a jere, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da tasa kaffarar. Direban da ya tsinke wayar nan, ya yi gudu ya kifar da bas, mutum 18 suka rasu shi ya tsira, azumin wata 36 ke kansa.