Ɗakin Karatu Da Kwamfuta: Kada A Bar Mu A Tasha

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara a Kafanchan

 

Mu 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo da Islamiyya ne, to amma abin da ya sa muka miƙe yau ya taɓa aljihunmu, ya kuma taɓa 'ya'yanmu. Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar dogo a 1927, kakanninmu suka yi ta gangarowa daga Kano da Zariya da Katsina da Bauchi, suka kafa kasuwanci a gindin tasha. Wanda ya san lokacin jirgi, shi ke cin kasuwa. To, jama'a, wani jirgin ya sake zuwa, sunansa intanet, kuma da yawanmu muna tsaye a tasha ba tikiti.

Ku duba dai. Tun 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. A 2014 aka kawo BVN a bankuna, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga dattijo da dukiyarsa a banki, amma bai iya sayen kwanon masara ba, don bai iya tura kuɗi ta waya ba. Wasu sun miƙa katinsu da lambar sirri ga yaron da ba su sani ba, aka yi musu ta'asa. Yaronmu mai ƙoƙari a aji yakan shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, lokaci ya ƙare yana neman inda zai danna. Wannan laifin yaro ne? A'a, namu ne.

Kada wani ya ce abin na mutanen Legas da Abuja ne. A nan Bayan Loco, gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta fara da bai wa mata rancen jari, sannan ta shiga koyar da kwamfuta. A 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta ci lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka kan wannan aiki. Daga baya ta kafa ZittNet, ta rarraba intanet ba da igiya ba zuwa makarantu da cibiyoyi, tana dogaro da hasken rana saboda matsalar wuta. Maƙwabtanmu ne suka yi wannan, a garin nan namu. Me zai hana mu koyi darasi, mu je mu tambaye su yadda suka fara?

Iyayenmu ma ba su zauna ba a nasu zamanin. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, mutum ɗaya ke saye, a taru a zaure ya karanta wa goma. Da BBC ta fara Hausa a 1957, aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, akwati ɗaya ya ishi unguwa. Wato tun can mun iya tarayya a kan abin da mutum ɗaya ba zai iya mallaka ba. Ɗakin karatu ke nan, ba wani abu ba.

Saboda haka ga shawararmu. Ƙungiya ta ware ɗaki ɗaya. A sa littattafan Hausa da na Larabci da na boko, waɗanda ke cin ƙura a gidajenmu. A sayi kwamfuta ko da uku ce, da faifan sola da batir, a riƙa sayen data daga asusu. 'Ya'yanmu da ke karatu a reshen jami'ar jiha na nan Kafanchan da kwalejin Gidan Waya su riƙa koyarwa a lokacin hutu. A ware wa mata ranakunsu da malamarsu, domin yawancin masu sana'a a cikin gida ba su da mai nuna musu. Dattawa kuma a ba mu bayan La'asar, mu koyi duba asusu da kanmu ba tare da jin kunya ba.

Gidajen rediyo ma suna da nasu. Rediyo ke shiga inda data ba ta kai, kuma da Hausa kowa ke ji a kudancin Kaduna, Bajju da Atyap da Ham da Fulani da mu. Mu nemi fili ko na rabin awa a mako, a bayyana yadda 'yan damfara ke kira da sunan banki, a faɗi farashin citta a Kachia da Kwoi. Da cutar citta ta faɗa wa gonaki a 2023, manomi da ɗan kasuwa duk sun sha, kuma kowa ya ga darajar samun labari da wuri.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi nauyi. Garin nan ya san abin da jita-jita ke jawowa, ba sai an tuna wa kowa 1987 da 2011 ba. Yau hoton ƙarya na zagaye WhatsApp kafin a idar da salla. Wanda ya iya bincike zai tsaya ya tambaya: daga ina, kuma yaushe? Don haka ƙofar ɗakin nan ta zama a buɗe ga kowane yaro na garin nan, ko ɗan wane ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu 'yan kasuwa mun ɗauki nauyin sola da batir. Takardar alkawari tana wurin ma'aji, kowa ya rubuta abin da zai iya kafin a tashi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.