Haƙƙin Iyalan Ma'aikacin da Ya Rasu a Dokar Fansho ta 2014



Maganata ta taƙaita ne ga tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta fara a 2004, aka sabunta dokarsa a 2014, hukumar PenCom ke sa ido a kai. Duk wata ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a asusu mai sunansa. Idan Allah ya yi masa rasuwa, abin da ya taru dukiyarsa ce, magada za su gada. Kamfanin fansho ba zai saki kuɗin ba sai an kai masa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado.

Akwai kuɗi na biyu da iyalai da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Doka ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ma'aikaci ba ya biyan ko kwabo. Wurin aikin da ya ƙi yin inshorar, nauyin biya na wuyansa.

A nan nake so mu tsaya. Ba kamar kuɗin asusu ba, na inshora wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom ake ba. Saurayi ya kama aiki, ya rubuta sunan yayansa, ya manta. Bayan shekara ashirin ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya barkatai. Matan suna takaba wata huɗu da kwana goma, ba su san ofis ba, ba su san fom ba. Kafin su fita yayan ya karɓo kuɗin. In mai tsoron Allah ne ya kawo a raba, matan su sami tumuninsu, marayu su sami rabonsu. In ba haka ba, sai kotu, zumunci kuma ya lalace. A ganina tsaron dukiyar marayu bai kamata ya dogara ga halin kirkin mutum ɗaya ba. Ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a riƙa sabunta fom ɗin duk shekara, malamanmu kuma su fito su fayyace matsayin wannan kuɗi a rabon gado.

Ga wanda ya rasu bayan ritaya, abin ya danganta da zaɓinsa. Idan kamfanin fansho ke biyansa daga asusunsa, ragowar ta magada ce. Idan kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rayuwa, lamunin shekara goma ne: ya rasu a cikinsu a biya iyali abin da ya rage, ya haura su iyali ba su da komai. Ma'aikata da yawa na sa hannu ba wanda ya karanta musu wannan sharaɗi.