Daren Wasa da Safiyar Aiki

Yau maganarmu a kan barci ce, watau barcin da mutum yakan yi hasararsa in ya kai dare a wurin wasa, alhali kuwa sammako na jiransa.

Akwai wani irin filin wasa da ake ginawa musamman domin shaƙatawa, a kewaye shi da katanga, a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. A ciki akwai lilo iri iri masu aiki da lantarki, da dawakan wasa masu zagayawa, da ƙaramin jirgin ƙasa, da masu sayar da abinci, ga kiɗa, ga fitilu kamar rana. Irin wannan wuri ya daɗe a ƙasashen Turawa. Wanda ake kira Tivoli, a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmark, tun 1843 aka buɗe shi, har yau kuwa yana aiki. Wanda ya fi suna shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, cikin Amurka, ran 17 ga watan Yuli, 1955. A can sai dare ya yi ake wasan tartsatsin wuta a sama, kuma lokacin hutu akan kai ƙarfe 12 na dare ba a rufe ƙofa ba. Yanzu manyan biranenmu, kamar Kano da Kaduna da Abuja, suna da nasu daidai gwargwado. Da sallah mutane sukan kwashi yara daga ƙauyuka su kai su kallo.

Kai yara wasa abu ne mai kyau, ba mai hana ku. Amma ku lura, an shirya wuraren nan ne yadda mutum ba zai so fita ba. Layi yana da tsawo, rana ta yi zafi, sai bayan magariba wuri ke daɗi. Maigida ya biya kuɗin shiga, yana so ya ci kuɗinsa. Yara suna cewa, "Baba, saura guda ɗaya." Kafin a farga ƙarfe 11 ta yi.

To, bari mu yi lissafi. An fito ƙarfe 11. Kafin a sami mota, a kama hanya, a isa gida, ƙarfe 1 ta buga. Kafin a kwantar da yara a rufe ƙofa, 1 da rabi. Ladan kuwa ba ya jiran kowa, wajen ƙarfe 5 zai kira asuba. Ashe barcin nan bai cika awa 4 ba. Ga gona, ga kasuwa, ga makaranta, wani ma tuƙi zai yi.

Nawa ne jiki ke bukata? Likitocin barci sun yi ittifaki a kan haka: babban mutum awa 7 ko fiye kowane dare. Saurayi ko budurwa mai shekara 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Ɗan makaranta mai shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. Yaro mai shekara 3 zuwa 5, awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Duk abin da aka rage daga wannan bashi ne, jiki kuwa ba ya yafe bashinsa.

Ga yadda abin yake. Tun daga lokacin da ka farka da safe, wani sinadari da ake kira adinosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarka. Yawansa shi ke kawo nauyin ido, barci ne kuma ke share shi. Ban da wannan, akwai agogo a cikin jiki wanda ke bin haske da duhu. In duhu ya yi, sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari, melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi yana danne shi. Shi ya sa a filin wasa, ƙarƙashin fitilun nan, ga kiɗa ga murna, ba ka jin barci ko kaɗan. Gajiyar tana nan, ɓoyewa ta yi. Da ka shiga mota, duhu ya rufe, iska ta kaɗa, sai ta auko maka gaba ɗaya.

Nan ne babban hatsarin yake, don haka direbobi da 'yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu, ku kasa kunne. A 1997 waɗansu masana a ƙasar Ostareliya suka gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa sun yi sanyi daidai da na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. Ku ƙidaya da kanku. Wanda ya tashi asuba ƙarfe 5, zuwa ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17 ɗin nan. A 2016 kuma aka bincika haɗurran mota a Amurka, aka tarar direban da ya yi barcin awa 4 zuwa 5 ya fi wanda ya yi awa 7 shiga hatsari wajen sau 4. Wanda bai cika awa 4 ba, fiye da sau 11.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, gaskiya suka faɗa. Mai gyangyaɗi yakan tafi na daƙiƙa 3 ko 4, wani lokaci ma idonsa a buɗe, bai san ya tafi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. A daƙiƙa 4 ta wuce mita 110, watau tsawon filin ƙwallo, ba mai riƙe da ita. Iyalinka kuwa suna ciki. Buɗe gilashi, ko ƙure rediyo, ko wanke fuska, duk ba su korar irin wannan barci sai na ɗan lokaci kaɗan. In ka ga kana yawan hamma, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ko mota tana zamewa gefen titi, lalle ka tsaya wuri mai aminci inda akwai mutane, ka kwanta. Mafi kyau ma, in gida da nisa, ku kwana wurin 'yan'uwa a birni, gari ya waye ku tafi.

Ku kuma masu ɗaukar yara a kan babur, yaron da barci ya sace yakan saki riƙo. Kada a ɗora yaro mai gyangyaɗi a bayan babur ba babban da ke riƙe da shi.

To, mene ne rigakafi? Shi ne a yanke lokacin fitowa tun ba a shiga ba, a kuma ƙidayo shi daga safiya zuwa baya. Misali, za ka tashi ƙarfe 5, kana bukatar awa 7, ke nan ƙarfe 10 kana kan gado. Hanya za ta ci awa 1, shirin kwanciya rabin awa. Ashe 8 da rabi za ka bar wurin. In akwai ɗan makaranta da zai tashi ƙarfe 6, ƙarfe 9 ya kamata ya kwanta, saboda haka 7 da rabi ku fito. Maigida ya faɗa wa uwargida da yara wannan lokaci tun a gida, don kada a yi ta jayayya a bakin lilo. A je da wuri, a fara da abin da yara suka fi so. In kuwa kun ƙudura sai kun ga ƙarshen wasa, to, ku zaɓi daren da gobensa ba makaranta, ba tafiya, ba aiki mai hatsari. Ku yi ƙailula kafin ku fita, wanda zai yi tuƙi ya fi kowa bukatarta.

Yanzu a ce an riga an kai dare, ga shi gari ya waye, ido ya yi ja, kai ya yi nauyi. Yaya za a yi da wannan yini?

Na fari, in hali ya yi, a koma barci bayan sallar asuba. Barci yana tafiya ne zagaye zagaye, kowane zagaye wajen awa 1 da rabi. Wanda ya sami ƙarin zagaye guda ya rage bashi mai yawa. Yara ƙanana da ba su da makaranta, a bar su su tashi don kansu.

Na biyu, da ka tashi ka fita waje hasken safiya ya buge ka. Hasken nan shi ke gaya wa agogon jiki cewa rana ta fito. Ka yi wanka, ka sha ruwa sosai, gama yawo cikin rana jiya ya ƙone ruwan jiki, ƙishirwa kuwa tana ƙara ciwon kai.

Na uku, ka karya kumallo da abu marar nauyi, kamar koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa. Da rana kada ka cika ciki da tuwo ko shinkafa har wuya. Tsakanin azahar da la'asar jiki yakan yi sanyi ko da mutum ya yi barcinsa cikakke, balle wanda bai yi ba.

Na huɗu, maganar shayi da goro da kofi. A cikinsu akwai wani sinadari, kafeyin, wanda ke toshe wa adinosin ɗin nan hanya, sai mutum ya ji ya wartsake. Amma bai biya bashin ba, ɗaga ranar biya kawai ya yi. Kofin shayi 1 ko 2 da safe, ko ɓarin goro, ba laifi ga babba mai lafiya. Sai dai ku sani, bayan awa 5 wajen rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha da la'asar sakaliya zai kwanta ido biyu, ya tashi gobe da bashin dare biyu. Daga azahar a dakata. Lemon gwangwanin nan da ake cewa yana ƙara ƙarfi, shi ma kafeyin ne da sukari, kada a ba yara. Ƙwayoyin da waɗansu ke sha don hana barci kuwa, irin su taramol, mugun abu ne. Suna kama mutum ya kasa bari, suna kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Na biyar, ƙailula. Bayan azahar ka sami inuwa ka kwanta minti 20, ka sa wani ya tashe ka. In ta zarce haka da yawa, mutum yakan nutse, ya tashi da jiri kamar an doke shi. In ta kai yamma kuma, sai ta ɓata barcin dare.

Na shida, ka sake tsarin aikin ranar. Tuƙi mai nisa, hawa bishiya ko rufin ɗaki, shiga rijiya, sara da gatari, aiki da injin niƙa ko injin casa, duk a ɗaga su zuwa gobe, ko a ba wanda ya yi barci. Uwargida ma ta kula da wuta da tafasasshen mai, musamman in da goyo. Marar barci yana da saurin fushi, yaron da bai ƙoshi da barci ba kuwa rigima yake yi maimakon ya kwanta. A yi haƙuri da juna ran nan, a rage duka.

Na bakwai, daren da ya biyo a kwanta da wuri, da an yi sallar isha'i, a ajiye waya nesa da gado. Dare guda ba ya biyan bashin duka, sai a yi haka dare 2 ko 3 a jere.

Akwai waɗanda kai dare ya fi yi wa ɓarna. Mai farfaɗiya, rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo, don haka kada ya kai dare ko kusa. Mai hawan jini da mai ciwon suga su tafi da maganinsu, su sha kan lokaci, su ci abinci kan lokaci. Mai juna biyu da tsofaffi su riƙa zama suna hutawa, su riga kowa komawa gida. Kuma kada uwa ta ba yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru a hanya. Magani sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Rashin barci yana kuma rage wa jiki ƙarfin kare kansa. A wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 2015, waɗanda ke barci ƙasa da awa 6 sun fi masu barcin fiye da awa 7 kamuwa da mura wajen sau 4. Sa'an nan sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, wanda ya kai dare a waje kuwa ya ba shi jiki. A sa wa yara riga mai dogon hannu, musamman da damina. In an komo gida, kome gajiya, a saki gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. In zazzaɓi ya taso bayan mako 1 ko 2, a kawo yaro ɗakin shan magani ran nan a gwada jininsa, kada a jira.

Wanda kuma yake kwanciya da wuri amma kullum ya tashi a gajiye, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa tsayawa, wannan ba bashin dare guda ba ne. Ya zo ya ga malamin asibiti.

Jama'a, dare mahutar bawa. Ku kai yara wasa, ku yi murna, amma ku ƙidayo lokacin fitowa daga safiyar da ke jiranku. Wanda bai yi barci ba kada ya riƙe sitiyari. Ku gaya wa maƙwabtanku da ba su ji wannan magana ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako, mu kwana lafiya.