Nura a Greensboro: Namiji ne ko Mace?

A Kano ko Maraɗi idan aka ce Nura, babu mai tambaya. Namiji ne, gajeren Nuruddin, kamar mawaƙi Nura M. Inuwa. A ƙasashen Larabawa kuwa mata ne suka fi amsa shi.

To, ku zo Greensboro da ke jihar North Carolina, inda 'yan Nijar da yawa suka kafa iyali. A Amurka akwai Nora, sunan mata da ya shafe shekaru yana cikin 50 na gaba a jerin sunayen jarirai da hukumar Social Security ke fitarwa duk shekara. Shi ya sa a makaranta malama za ta duba takardar ɗalibai ranar farko, ta kira Nora, tana laluben yarinya, sai ga yaro ya ɗaga hannu a kunyace. Wani yaron ma shiru zai yi, ya bari a ci gaba da kiransa haka.

Iyaye, kada wannan ya sa ku gudu daga sunan. Ku koya wa ɗanku ya ja "Nuu" ɗin nan da ƙarfinsa, ya gyara wa malama cikin ladabi. Ku ma ku je makarantar, ku faɗa mata da bakinku.