Takardar Talla a Hannun Ƙaramin Ɗan Kasuwa

(Laccar da aka gabatar a wani taron masu ƙananan sana'o'i a Kano)

 

An ce in yi magana a kan 'yar takardar nan da mai shago kan buga ya raba wa mutane don su san abin da yake sayarwa. Na san akwai masu cewa a ransu, a zamanin WhatsApp da TikTok wa ke ta takarda? Ni ban yarda ta mutu ba. Abin da na yarda da shi shi ne, yawancin kuɗin da muke zubawa a kanta asara ne, kuma laifin ba na takardar ba ne. Mun ɗauke ta kamar ƙaramin allon tallar babban kamfani, alhali ɗan aike ce. Ɗan aike kuwa ana duban wanda ya aiko shi, da ƙofar da ya shigo, da ko ya iya isar da saƙo.

Talla ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuma duk tsawon wannan lokaci da baki ake talla: yarinya mai tallar fura, ɗan koli, mai shela, dillaliya mai shiga gida-gida da ƙullin atamfa. Dukkansu mutane ne da aka sani, in kaya ya yi gardama an san ƙofar da za a buga. Bugaggiyar takarda ta Hausa daga baya ta zo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan a shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai don waɗanda suka koyi karatu da girmansu. Wato shekaru tamanin da 'yan kai ke nan, a kan al'adar ciniki ta ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa har gobe Bahaushe in ya karɓi takarda, tambayarsa ta farko ita ce, "Ta waye?"

To me ya sa ba za a tafi rediyo kawai ba? Mu mutanen rediyo ne, babu musu, kuma tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Kano. Amma rediyo tana sayar maka da kunnuwan jiha guda har da maƙwabta, kuma kuɗinsu duka za ka biya. Telan da ke Ɗorayi me zai yi da mai sauraro a Wudil? Kasuwar ƙaramin mai sana'a ba ta wuce tafiyar ƙafa, ko hawa ɗaya na Adaidaita Sahu. Waya kuma tana da tata iyakar. Hoton da ka ɗora a sitatus na WhatsApp, sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka ne zai gani, wato wanda ya riga ya san ka. Aikin takarda shi ne ta ɗauki lambar nan ta kai ta hannun mutumin da ke layi na uku daga shagonka, wanda yake wucewa kullum bai taɓa sanin kana gyaran injin markaɗe ba.

Bari mu dubi irin takardar da aka saba bugawa. A sama sunan shago da Turanci, dogo, da wutsiyar da ke nuna wai kamfani ne na ƙasa da ƙasa. A gefe hoton wata Baturiya tana murmushi, ko wani bene na Dubai da yaron kwamfuta ya sauko da shi daga intanet. A tsakiya jerin abubuwa goma sha biyu: ɗinki, sayar da fili, kwangila, shigo da kaya daga waje, har da biza. Launi ja da kore da ruwan ɗorawa suna kokawa. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai an sa tabarau, lambobin waya huɗu, biyu daga ciki na ƙannen mai shago ne. Wanda ya karɓa ya juya ta gaba da baya, bai gane me ake so ya yi ba. Alhali mai shagon nan tela ne, kuma gwani ne a aikin wuyan kaftani. Abin da ya iya ɗin shi kaɗai ne bai faɗa ba.

Ki faɗi abu ɗaya, Hajiya, wanda kika fi kowa iyawa a unguwarku. In dambun nama ne, dambun nama. Sauran kayan, wanda ya zo zai gani da idonsa.

Sai kwatance. Mu ba da lambar gida muke gane wuri ba, ko da an rubuta ta a bango. Rubuta yadda za ka faɗa wa ɗan Adaidaita: daura da masallacin Juma'a, bayan gidan mai, shago na uku in an sha kwana. Lambar waya ɗaya ta isa, da manyan baƙaƙe, kuma ta zama wadda ake ɗauka. Ku 'yan Kantin Kwari da Dawanau da baƙinku ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Chadi, ku sa 234 a gaban lambar, domin wanda ya koma gida ba zai same ku da 080 ba.

Farashi shi ne inda muke yawan sa-in-sa da 'yan kasuwa. Suna cewa ba a rubuta kuɗi, don ciniki sai da tayi, kuma kaya na tashi kullum. Suna da hujja, musamman tun 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira. Amma ku tuna da wanda bai san ku ba. Abin da ya fi hana shi shigowa shi ne tsoron ya tambaya a faɗi abin da ya fi ƙarfinsa, ya fita da kunya a gaban mutane. In ka rubuta "daga naira kaza", ka ƙara da cewa farashin yana nan har ƙarshen wata kaza, ka cire masa wannan tsoro, kai kuma ba ka ɗaure kanka har abada ba.

Game da harshe, ka rubuta da wanda kake ciniki da shi. In abokan cinikinka 'yan Sabon Gari ne, Turanci ya yi. In da Hausa kake cewa "albarka" da "sallama", me ya kai ka Turanci a takarda? Kada kuma a raina ajami. Har yau yana jikin naira 200 da 500 da 1000, kuma kun tuna surutun da aka yi da aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007. Mai sayar da taki ko maganin feshi, wanda manoma da malaman tsangaya ke zuwa wurinsa, layi ɗaya na ajami zai yi masa aikin da shafi guda na boko ba zai yi ba.

Akwai abin da nake roƙo a daina, ko da da kyakkyawar niyya ake yi: sa bisimilla ko aya ko hadisi a saman takardar talla. Ɗan'uwa, ka san inda mafi yawan takardun nan ke ƙarewa. Wasu a ƙasa ana takawa, wasu a kwata, masu sa'a a hannun mai ƙosai. Ka jefa wanda ya karɓa cikin damuwa, bai son ajiyewa kuma yana tsoron yarwa. Ka yi bisimillarka da baki lokacin da za ka buɗe shago.

Wajen bugu ba zan daɗe ba. Takarda A4 tana ba da A5 biyu ko A6 huɗu, saboda haka rim ɗaya mai falle 500 zai fitar da ƙanana 2,000. Ƙaramar ta fi shiga aljihu, kuma tana tilasta maka taƙaita magana. Takarda tana da tsada domin yawancinta daga waje ake kawowa. Masana'antun da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar, don haka kuɗinta dala yake bi. Mai ɗab'i zai ce maka in ka buga dubu biyar kowace ɗaya ta fi araha, kuma gaskiya ya faɗa, tunda farantin bugu sau ɗaya ake yi. Amma arahar takardar da za ta kwana a ƙarƙashin kanta har farashin da ke jikinta ya tsufa ba araha ba ce. Fara da kaɗan. Kafin a buga kuma, ka karɓi samfuri, ka ɗauki wayarka ka kira lambar da ke jiki, ka duba ko baƙaƙe masu lanƙwasa sun fito ko sun zama 'yan akwatuna.

Yanzu ga inda kuɗin ke mutuwa: rabo.

Kowa ya ga yaran da ake ba damin takardu a tsayar da su a danja. Yaro yana bin motoci yana cusa takarda ta taga, direba na kallon fitila, fasinja na riƙe da waya. Da an saki hannu, sai ka ga takardun suna tashi a bayan motoci. Shi yaron an yi jinga da shi a kan ya ƙarar, ba a kan wa ya karɓa ba, saboda haka in rana ta yi zafi zai ba mutum ɗaya biyar, sauran kuma Allah kaɗai ya san inda suka shiga. Ban ga laifinsa sosai ba. Kuma ko da kowa ya karanta, mutumin da ke wucewa ta danjar nan wataƙila daga Bichi yake, zai tafi Zariya. Ƙofar masallacin Juma'a ta ɗan fi, don jama'ar yankin ne, amma mutane na sauri, kuma ladabi ne a nemi izinin kwamitin masallaci tukuna.

Hannun da ya fi kowane hannu shi ne na wanda ya riga ya saya ya ji daɗi. Duk ɗinkin da ka gama, ka sa takarda biyu a cikin ledar, ka ce, "Alhaji, ga wannan ko wani zai tambaya." Ranar da aka yaba wuyan rigar a wurin ɗaurin aure, takardarka na aljihunsa, kuma bakinsa ne zai yi maka shaida. Bayan wannan sai maƙwabtan sana'a, waɗanda kuke raba abokin ciniki ba ku raba riba: tela da mai shadda, mai lalle da mai gyaran jiki da mai girkin biki, mai sayar da fanka da mai haɗa sola. Ka ajiye nasa a kantarka, ya ajiye naka.

Iyayenmu mata, ku kun fi mu sanin wannan. Gidajen da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsu, a ciki ake yanke shawarar abin da za a dafa, da makarantar da yaro zai shiga, da wanda zai ɗinka kayan Sallah. Yaron da ke rabo a titi ba zai taɓa kaiwa can ba. Takardar da za ta kai sai ta bi ta Islamiyyar matan aure, ta gidan suna da biki, ta wurin uwar adashi, ta jakar dillaliya. Namijin da ke sayar da kayan kicin ko na yara, in bai sami macen da za ta shigar masa da takardarsa ba, rabin kasuwarsa bai san da shi ba. In kuma gida-gida za a bi a unguwar da ba taka ba, a fara gaida mai unguwa.

Lokaci ma yana da nasa. Tela ya raba a Sha'aban, ba a goman ƙarshe na azumi ba, lokacin da shi kansa yake ɓuya wa masu kaya. Makaranta ta raba a Agusta kafin a koma sabuwar shekarar karatu. Mai gyaran firji da mai ƙanƙara su fito tun ƙarshen sanyi, kafin zafin Maris da Afrilu.

Masu magani, ina da magana da ku ta musamman. Takardar da ke cewa ƙullin gari ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa, ba talla ba ce, ganganci ne da ran mutane, domin akwai wanda zai ajiye maganin asibiti saboda ita. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da hurumi a kan tallar magani da abinci, kuma akwai hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, da ta gaji APCON a 2022. Ƙanƙantar shago ba ta fitar da mutum daga doka. Haka masu liƙa fosta a katangar mutane da ta makarantu ba da izini ba: mai gidan da ya kwana yana kankare sunanka daga bangonsa ba zai zo ya saya ba.

Abu na ƙarshe shi ne lissafi, kuma shi ne wanda kusan ba mai yi. A tambayi mai shago ko takardar ta yi amfani, sai ya ce, "To, alhamdu lillahi, ana dai samu." Wannan godiya ce, ba lissafi ba. Hanyar mai sauƙi ce. Ka rubuta a jiki cewa wanda ya zo da takardar za a yi masa ragi, ko a ba shi gyara. Waɗanda za su tafi Islamiyya ka ɗiga musu jan biro a kusurwa, na wurin mai shadda shuɗi, na cikin leda ka bar su haka. Duk baƙon ido da ya shigo, bayan gaisuwa ka tambaye shi a ina ya ji labarinka, ka rubuta a bayan littafin bashi. A ce, misali, bugu da rabo sun ci maka naira dubu ashirin, ribarka kuma a kan kowane sabon mutum dubu biyu ce. Sai mutum goma sun zo kafin ka mayar da kuɗinka, na sha ɗaya ne farkon riba. In kuma sana'arka irin wadda ake dawowa ce, kamar aski ko wanki da guga, ka lissafa da dawowar. Bayan wata guda ka zube takardun da suka dawo a kan tebur ka ƙirga launi-launi. In masu jan ɗigo sun fi yawa, bugu na gaba ka ƙara wa Islamiyya, ka janye daga inda ko ɗaya ba ta dawo ba.

Shugaban taro, na ga ana miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Akwai masu ɗab'i a cikinmu, na kuma san ba duk abin da na faɗa ne ya yi musu daɗi ba, don haka ina roƙon a fara ba su dama a lokacin tambayoyi.